A Rage Gadaje Kafin Ranar Gado

Sai da aka yi sadakar arba'in sannan aka buɗe ƙuryar ɗakin Goggo. Makullin kansa an sha wahala kafin a gan shi, ashe yana ɗaure a haɓar zanin da ta yi jinya da shi, an wanke an ninke ba wanda ya lura. Gidan yana Jahun, cikin tsohon garin Bauchi, irin gidajen da sai ka ratsa zaure biyu kafin ka hango tsakar gida. Ni aka miƙa wa littafi da biro, wai ni ne ɗan boko, in rubuta duk abin da aka fito da shi, don malamin da zai raba gadon ya ce ko allura ce sai an yi mata kuɗi.

Da hantsi muka fara, ba mu gama ba sai la'asar ɗin washegari. Kwalla da langa saiti-saiti, an jera su har kusa da rufi. Fanteka, tasoshi, farantan tangaran da ko kwalinsu ba a farke ba. Gadon ƙarfe mai rumfa ɗauke da katifu uku, ga wani an kwance shi an jingine ƙarafunan a bango. Keken ɗinki da tsatsa ta cinye. Adaka uku cike da zannuwa, har da turamen atamfa da ba su taɓa ganin almakashi ba. Da aka warware su sai ga asu ya bi layin ninki ya gama da su, kana ja suna yagewa kamar tsohuwar jarida. A can ƙasan adaka ta uku, cikin gwangwanin madara da aka toshe da tsumma, muka tarar da takardun kuɗi a nannaɗe, har da 'yan Murtala, duk masu launin da aka daina karɓa tun canjin kuɗi na 1984. Yaran da ke wurin suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto da waya. Babbar 'yarta kuwa fita ta yi, ta je ta zauna a bakin rijiya.

Na san abin da ya fitar da ita. Shekara biyu kafin nan ta aurar da 'yarta, jikar Goggo ke nan, kuma sai da ta kwashi adashi ta ƙara da bashi kafin ta haɗa kayan ɗaki, alhali ga turame suna ruɓewa taku goma daga inda ake kukan babu. Kada wani ya ɗauka Goggo marowaciya ce. Allah Ya jiƙanta, ba a taɓa sauke tukunya a gidan nan almajiri ya koma da kwano wayam ba, kuma yaran maƙwabta nawa ne suka girma a tabarmarta. Abin da ya riƙe hannunta shi ne abin da ya riƙe hannun yawancin iyayenmu, wato ajiya maganin wata rana. Ita kuwa wata ranar ta zo ta wuce ya fi a ƙirga, ba a shaida ta ba, don mai ajiya kullum gani yake akwai wadda ta fi wannan zafi tana tafe.

Tun daga lokacin nake da ra'ayin da ya sha jawo mini harara a taron dangi. Idan mutum ya manyanta, 'ya'ya sun watse, gwiwa ta fara ƙara, ya kamata ya rage kayan da yake tsaro, ya rage faɗin wurin da yake ɗawainiya da shi, kuma ya yi hakan da hannunsa yana cikin hankalinsa da lafiyarsa. Duk wanda ya taɓa kawo wannan magana gaban tsoho ya san amsar da ke biyo baya: "Au, ka ƙosa in mutu ke nan?" Ni ma an faɗa mini, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya.

Amma mu dubi kanmu. Alhazai nawa ne suke dawowa daga Makka da yadin likkafani, wasu har sun tsoma shi a ruwan zamzam, su ajiye a ƙasan akwati shekara ashirin? Ba wanda ya taɓa cewa suna kiran mutuwa, yabonsu ma ake yi. To in tanadin likkafani bai gajarta kwanan kowa ba, ta yaya miƙa wa jika turmin atamfa zai gajarta? Mutuwar muna ambatonta safe da yamma ba ta ba mu tsoro a baki. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya yarda cewa wani zango ya wuce, ba za a ƙara girka tukunyar mutum talatin a gidan nan kullum ba, keken ɗinkin nan ba za a ƙara taka shi ba. Wannan kuwa ciwo ne na gaske, ban raina shi ba.

Ga ɗakin mace ke nan. Na namiji gidan ne gaba ɗaya, kuma a nan misalin da na fi sani shi ne na mahaifina. Ma'aikacin gwamnati ne, ya yi shekara 35 ɗin da doka ta yanka ya ajiye aiki. Lokacin da fili bai yi tsada ba ya samu babba a wajen Fadamar Mada, ya yi ta gini bulo-bulo, duk ƙarin albashi sai ya zama ƙarin ɗaki. Mata biyu, 'ya'ya goma sha ɗaya, ga 'yan riƙo, ga baƙin ƙauye da ba sa yankewa. A lokacin gidan ƙaranci ma yake yi, mu samari a zaure muke kwana. Daga baya ya ɗora bene ya koma sama, wai ya huta da hayaniya. Yau hayaniyar ita yake nema bai samu ba. Wani yana Abuja, wata tana aure a Gombe, biyu suna Kaduna, autan ma ya tafi bautar ƙasa bai dawo da zama ba. Uwargida ta riga mu gidan gaskiya. Saura shi da Inna da wata 'yar riƙo, a gida mai ɗaki goma sha huɗu.

Ɗakin da ba a kwana a cikinsa ba ya zama yadda aka bar shi. Damina ta zo kwano ya yi yoyo, ba a sani ba sai silin ya rufto. Gara ta shiga ƙofa, ɓera ya yi gida a kushin, hunturu ya zuba ƙurarsa ta ko'ina. Duk shekara sai an kira kafinta da birkila, kuma kuɗin daga fansho za su fito, fanshon da kowa ya san bai isa cefane da magani ba, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin siminti da kwano da komai ya tashi. Na taɓa zama na lissafa abin da muka kashe a shekara guda wajen gyaran ɗakunan da ba kowa a ciki, sai na ga ya fi kuɗin maganin hawan jininsa na shekarar. Dattijon da ya gina gida don ya huta ya koma maigadin gidan, dare ya yi yana zagaye da tocila yana duba kwaɗuna.

Akwai kuma abin da ba mu cika kawowa a rai ba sai ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Ba sai an je nesa ba, kowa a garin nan ya san tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, daga nan ba ta ƙara tashi ba. Mun cire daɓe da siminti mun shimfiɗa tayil mai santsi don ado, mun cika falo da kujeru da tebura da kafet mai naɗewa a baki, sannan ga ɗauke wuta. Tsoho mai raunin ido ya tashi alwalar asuba cikin duhu, sai ya ratsa duk wannan tarkace, in a bene yake ya sauko matakala goma sha biyar. Kujerar da ba wanda ya zauna a kanta tun bikin auta, amfanin da ya rage mata shi ne ta harɗe ƙafar mai gida.

Masu yawon duniya za su ce ai wannan tsohon zance ne a wasu ƙasashe. A Ingila da Amurka tsofaffi sukan sayar da babban gida su koma ɗan ƙarami kusa da asibiti da kanti, ragowar kuɗin su ci da shi. Mutanen Suwidin har suna da kalma ta musamman ga sharar da tsoho ke yi wa kayansa don kada ya bar wa na baya wahala. Japan kuma ta nuna inda abin ke kaiwa in aka yi sake: ƙidayar da suka yi a 2023 ta samu gidaje wajen miliyan 9 da ba kowa a ciki, da yawansu iyaye sun mutu, 'ya'ya suna birni, ba mai sha'awar komawa ya kwashe kaya. Duk na ji, amma ban ce mu kwafo nasu ba, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokaina da ke cewa a sayar kawai a huta.

Gidan uba a ƙasar Hausa ba na mutum biyu ba ne. Nan 'yar da aurenta ya mutu take dawowa da 'ya'yanta ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Nan ake zaman makoki, nan ake ɗaurin aure, nan marayun ɗan'uwa suke samun inuwa, nan jikoki ke haɗuwa da Sallah su san junansu. Ba mu da gidan gajiyayyu da za a ce gwamnati ta tanada wa kowa, ba mu da inshorar da za ta ɗauki bazawara. Wannan gida shi ne inshorar. Dattijon da ya sayar da shi ya koma ɗaki biyu a bayan gari, inda bai san limamin masallaci ba, ba mai leƙo shi in bai fito sallar asuba ba, ya rage kaya amma ya yi asarar mutane. Tsoho kuwa ya fi buƙatar majalisarsa ta ƙofar gida fiye da sabon fenti. Na ga wanda 'ya'ya suka ɗauke daga cikin gari suka kai shi gida mai kyau a sabuwar unguwa, katanga doguwa, get na ƙarfe, shekara bai rufa ba ya rame ya daina magana.

Saboda haka ragin da nake nufi namu ne na gida. Mutum ya tattara rayuwarsa ta koma sashe ɗaya a ƙasa, kusa da banɗaki, kusa da ƙofar masallaci. A bar ɗaki ɗaya ko biyu a share a gyara saboda baƙo da mai dawowa. Sauran kuma a zuba musu mutane. Bauchi gari ne na ɗalibai, ga jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, ga ta Tatari Ali, ga ƙananan ma'aikata da sababbin ma'aurata da kuɗin haya ya hana su barci. A ja katanga, a fasa ƙofa ta waje, sashen da ɓeraye ke kwana kyauta ya koma kawo kuɗin magani. Wanda Allah Ya hore wa, ba ya buƙatar kuɗin, ya ba ɗan'uwa mai ƙaramin ƙarfi ya zauna, ko ya ba makarantar Islamiyya ta unguwa. Abin da ke hana mu shi ne "me mutane za su ce", kada a ce Alhaji ya karye har ya sa 'yan haya. Mutanen nan da ake jin tsoron bakinsu ban taɓa ganin ɗayansu ya kawo bandir ɗin kwano ranar da rufi ya yaye ba.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Akwai hadisi a Muslim da ya ce shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu ta Shaiɗan. Malamai sun bayyana cewa abin da ake zargi shi ne tara abin da ya wuce buƙata don alfahari, ba wai mai iyali da yawa ya ƙirga katifu ba. Duk da haka, ranar da na tsaya ina kallon gadaje bakwai da ba mai hawa a gidanmu, hadisin ne ya faɗo mini. Hausa ta yi mana dabara da ta kira abin kwanciya gado, ta kira abin da mamaci ya bari gado. Wanda aka ƙi bayarwa yana na farko, dole ya zama na biyu, kuma a lokacin mai shi ba shi da ta cewa.

A nan ne batun ya wuce shara da gyaran ɗaki. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ko zauren mai unguwa ya san irin rigimar da ke tashi bayan rasuwa, kuma sau da yawa da jumla ɗaya take farawa: "Ai Baba ya ce ya ba ni." Ya ce, amma ya miƙa? A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa, abin da malamai ke kira hauzi. In mai kyautar ya mutu kafin haka, ta koma gado. In kuma sai da ciwon ajali ya kama shi sannan ya fara rabo, hukuncin wasiyya za a bi, ita kuwa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Ma'ana, uwar da take cewa "sarƙar nan ta wance ce in na mutu" ba ta ba wance komai ba, rigima kawai ta ajiye mata. In tana so ta ba ta, ta ciro yau ta sa mata a wuya a gaban shaidu. Sai dai a yi adalci tsakanin 'ya'ya, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ware shi da kyauta ya bar sauran. Masu fakewa da kyauta don su hana 'ya'ya mata rabonsu kuwa, wannan ba ragin kaya ba ne, zalunci ne da aka sa wa hula.

Wadda na fi tausaya wa a duk wannan lissafi ita ce matar da za a bari. In miji ya mutu ya bar 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, in su huɗu ne ma shi za su raba. Ta gama takaba wata huɗu da kwana goma, magada su ce a sayar da gida kowa ya ɗauki nasa, abin da zai faɗo hannunta ba zai sayi ɗaki ɗaya a unguwar da ta yi shekara arba'in ba. Daga nan sai yawon gidajen 'ya'ya, wata uku nan wata uku can, tana kallon fuskar surukai. Mai gidan da ke da fili a can yana kwance, da shago, da ɗakuna goma a rufe, me zai hana shi tun yana raye ya sayar da wani abu ya yi wa matarsa ɗan madaidaicin wuri da sunanta, ya damƙa mata takarda da makulli? Amma ban ce tsoho ya rabar da komai ya zauna a tafin hannun 'ya'ya ba. Mun ga waɗanda suka yi haka suka ƙare a ɗakin zaure na gidan da suka gina. Rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa da abin da kake ci, riƙe abinka har ranar da za a fitar da kai.

Takardu kuma a tattara su wuri guda, a nuna wa amintacce: na fili, na gona, na banki, bashin da ake binka da wanda kake bi, da ajiyar mutane da ke hannunka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. A ɗakin Goggo mun samu ƙullin 'yan kunne na zinariya da ba wanda ya san ko nata ne ko amana ce, har yau suna hannun malam.

Sai mu 'ya'ya, don ba daidai ba ne a ɗora wa tsofaffi laifin duka. Rabin tarkacen da ke gidajen iyayenmu namu ne. Littattafan sakandare, firijin da ya lalace muka ce za a gyara, kujerun da matarka ta gaji da su aka kai "gida" a ajiye, akwatunan lefe da ba komai a ciki. Mun mai da gidan tsoho sito, sannan mu zo hutun Sallah muna toshe hanci muna cewa Baba ya cika tara shirgi. Kowa ya fara zuwa ya kwashe nasa tukuna. Akwai kuma masu zuwa da zafin kai, kwana biyu gare su, su kira 'yan gwangwan su auna komai a sikeli, tsohuwa tana kallo ba ta iya magana. Na ga an yi wa wata haka tana asibiti, wai za a ba ta mamaki. Ta dawo ta tarar da ɗaki fes, ta zauna a bakin gado ta yi ta kuka, don a cikin abin da aka zubar har da ƙoƙon da mahaifiyarta ta yi mata guɗa da shi ranar da aka kai ta ɗaki. Kai kwano kake gani mai lamba, ita tana ganin wanda ya saya mata da shekarar da aka saya. Kayan ɗaki kuma dukiyar mace ce ta kanta, ba ta miji ba, ba ta ɗa ba. A zamaninsu jere shi ne banki: in ta matsu ta ba dillaliya saiti ɗaya, kafin yamma kuɗi sun zo. Abin da ba a gaya musu ba shi ne bankin ya rushe, 'yan matan yanzu kuloli da tukwanen zamani suke so, kwallar da aka saya da kuɗin saniya yau da ƙyar dillaliya za ta karɓa. Wannan sai an bi da lallashi, a zauna ana hira ana buɗe adaka ɗaya yau, wata sai wani watan, ita ce mai cewa wannan a kai wa wance, wannan a bar mini.

Ba kuma kowane tsohon abu ne shara ba. Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa, takardun ajami, wasiƙun kakanni, hotunan da aka ɗauka a situdiyo, saƙi da rigar da aka yi wa aiki da allura, waɗannan in suka tafi ba su dawowa. Gidajen malamai nawa aka share aka ƙone tarihi ba a sani ba? In iyali ba za su iya adanawa ba, akwai wurare irin Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna da aikinsu ke nan. Wanda ya taɓa shiga hubbaren Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi ya ga 'yan kayan da aka adana na mutumin da ya riƙe Nijeriya har zuwa Janairun 1966, ba su da yawa, shi ya sa kowanne ake tsayawa a dube shi. Jika zai riƙe carbin kakansa da hularsa ɗaya har ya tsufa. In ka bar masa ɗaki uku cike, mota zai kira.

Mu dai a gidanmu shekara biyu muka yi muna zagaye maganar. Ni na fara kawo ta na sha faɗa, sai yayarmu ta karɓa, ita kuwa ta fi ni sanin hanya. Ba ta taɓa cewa a rage komai ba. Zuwa take yi ta ce, "Baba, limamin masallacin bayan layi yana neman littattafai saboda ɗalibai, ko akwai waɗanda kuka gama da su?" Sai ga shi da kansa yana zaɓa yana kaɗe ƙura, har yana ba da labarin inda ya sayi kowanne. Haka manyan riguna suka tafi wurin 'yan'uwa a ƙauye kafin Sallah, gadaje huɗu suka bi 'yan mata marayu biyu da wasu ma'aurata da gobara ta cinye wa ɗaki. Saukowa daga bene kuwa ba mu muka sa shi ba, gwiwa ce. Sashen baya yanzu wani malamin firamare ne a ciki da matarsa da 'ya'ya uku, kuma ƙaramin cikinsu ya mai da Baba abokin wasa, kullum yana maƙale da shi har masallaci. Inna ta buɗe adaka biyu, ta uku ta ce ba yanzu ba, ba wanda ya ƙara tambaya.

Abu ɗaya ne ya gagara. A gindin darbejiyar tsakar gida akwai Peugeot 504 da ya saya tun yana aiki, ta fi shekara goma sha biyar a kan duwatsu, tayoyin sun ruɓe, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Masu sayen ƙarfe sun yi zarya har sun gaji. Ran nan na same shi da safe yana goge gilashinta da tsumma, na gaishe shi, na ce, "Baba, motar nan fa, ko a duba masu saye?" Bai ɗago ba. Ya ce da ita ya kai uwarmu asibiti ranar da za a haife ni, kuma in ina son wurin ajiye tawa motar, akwai fili a waje.